Daga Madafa: Gyada, Riɗi da Ɗanyen Ganye a Tukunyar Gida

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan damuwarsu ɗaya ce, wato yadda uwargida za ta fitar da girki mai daɗi yanzu da nama da kifi suka fi ƙarfin cefanen kullum. Na ware waɗanda suka shafi gyada da danginta da ganyayen ƙamshi, domin a ganina waɗannan biyun sun isa su ɗaga tukunya, muddin an san irin wutar da kowanne yake so da lokacin da ya kamata ya shiga. Na taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda tsawonsu.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da aurena, kuma maigidana yana son tuwon shinkafa da miyar gyada, amma duk ranar da na yi ta sai ta fito da gafi, wani lokaci kuma ta kama a gindin tukunya ta yi ƙauri. Dunƙule har biyar nake jefawa, duk da haka ba ta kai ta gidansu ba. Ina laifin yake? Daga wata amarya, Unguwar Dosa.

Amsa: 'Yata, Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ki fara da rage dunƙulen nan zuwa biyu, domin gishiri ne mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma gishiri ba ya kashe gafi. Gafi alama ce ta gyadar da ba ta nuna ba, wuta ce kaɗai maganinsa.

Hanya biyu iyayenmu suke bi. Wasu suna markaɗa ɗanyar gyada su zuba a miya, kamar yadda ake yi wa taushe a gidaje da yawa, kuma wannan tana bukatar ta yi aƙalla rabin awa tana dahuwa kafin gafin ya fita. Wasu kuma suna soya ta sama-sama tukuna, ita ce hanyar da nake so ki bi, domin suya ce take fito da garɗi, kuma garɗin nan shi ne abin da maigidanki yake tunawa daga gidansu. Ki auni gwangwani biyu na gyada, ki tsince ta, ki zuba a busasshen kasko ba tare da mai ba, a kan wuta mai sauƙi, kina juyawa ba ƙaƙƙautawa na kimanin minti 12 zuwa 15. Idan kin ɗauki ƙwaya ɗaya kin mirza, jan ɓawon ya saɓule da kansa, cikinta kuma ya tashi daga fari zuwa ruwan ƙasa mai haske, to ta yi. Ki sauke ta tun kina ganin kamar da saura, ki baza a faifai, saboda kusan rabin nauyin gyada mai ne, kuma man nan yana riƙe zafi ya ci gaba da soya ta bayan an sauke. Masu sayar da gyada a bakin titi da yashi suke suya domin yashi yana rarraba zafi daidai, ba ya barin gefe ɗaya ya ƙone. Idan kina da tsaftataccen yashi ko gishiri mai yawa, kina iya yin haka. Bayan ta huce ki mirje, ki bushe ɓawon, ki daka a turmi ko ki kai inji har ta yi laushi ta fara naso.

Sai miyar kanta. Ki fara dafa sanwarki da ruwan nama ko busasshen kifi, da albasa da daddawa da jajjagen attaruhu da tattasai, har tsamin kayan miyan ya mutu. Kada ki jefa gyadar a dunƙule. Ki dama ta a kwano da ruwan ɗumi har ta zama kamar koko, sannan ki tsiyaya a tukunya kina juyawa. Daga nan ne yawancin amare suke faɗuwa, domin sai su rufe tukunya su ƙara wuta su tafi shara. Gyada tana da nauyi, tana kwanciya a gindi, kuma idan ta tafasa takan yi kumfa ta zubo. Saboda haka ki rage wuta sosai, ki bar murfin a ɗan buɗe, ki riƙa kai ludayi har ƙasa duk bayan minti uku ko huɗu. Alamar nuna ita ce ki ga mai ya taso ya yi ido-ido a saman miyar. Wanda ya ga wannan man zai gane dalilin da ya sa miyar gyada ba ta bukatar ludayi biyu na manja. Cokali ɗaya domin launi ya wadatar. Idan kuma tsautsayi ya sa ta kama, kada ki kankare gindin, ki juye ta sama a wata tukunya ki ci gaba.

Abu biyu suka rage, kuma su ne suke bambanta miyar gwana da ta koyo. Na farko ɗan tsami ne. Ganyen yakuwa kaɗan, ko cokali biyu na ruwan tsamiya, yana yanke nauyin gyada ya hana ta gundurar mai ci, amma sai bayan ta nuna ake sa shi, domin tsami yana sa ɗanyen ruwan gyada ya yi guda-guda, kamar yadda kowa ya sani a kunun gyada. Na biyu ɗaɗɗoya ce. Ki wanke ganye kamar goma, ki yayyaga da hannu, ki zuba minti biyu kafin ki sauke, ki rufe. Ƙamshin irin waɗannan ganyaye wani mai ne marar nauyi da yake bin tururi ya fice. Idan kin sa ɗaɗɗoya tun farko har maƙwabta suka jiyo ƙamshinta, to ki sani su suka sha, maigidanki ganye kawai zai tarar a kwano.

Tambaya: Hajiya, ni ma'aikaci ne, iyalina suna Zariya, sai ƙarshen mako nake zuwa. Idan na taso daga aiki ba ni da ƙarfin dogon girki, kuma na gaji da taliyar leda da shayin mai shayi. Akwai abin da namiji irina zai haɗa cikin ɗan lokaci? Daga wani magidanci, Tudun Wada.

Amsa: Malam, akwai, kuma ba sabon abu ba ne, kwaɗo ne. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka ware awa ɗaya ranar Lahadi ka haɗa garin ƙuli na mako guda, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi ƙuli-ƙuli mai kyau, wanda idan ka karya ka ji ƙamshin suya ba warin tsohon mai ba, a daka maka shi da busasshen barkono da 'yar citta da gishiri, ka zuba a kwalba mai murfi. Ƙuli tunkuza ce da aka matse mafi yawan manta aka soya, shi ya sa yake daɗewa fiye da markaɗaɗɗiyar gyada, kuma abin da ya rage a cikinsa yana da sinadarin gina jiki mai yawa, irin wanda ake nema a nama da wake.

Da wannan kwalba a ɗaki, abincin dare ba zai ɗauke ka minti 15 ba. Ka sayi dafaffen zogale a wurin masu talla, ko ka dafa ɗanye da kanka na minti goma, ka matse ruwan. Ka dama cokali huɗu na garin ƙulin da ruwa kaɗan, ka yanka albasa da tumatir, ka zuba cokali ɗaya na man gyada, ka matsa rabin lemun tsami, ka cakuɗa. Idan kana son ya riƙe ciki har safe, ka jiƙa garin rogo kaɗan ka haɗa, ko ka ci da dafaffen dankalin Hausa. Ranar da babu zogale, kabeji da latas da lawashin albasa suna yi, haka ma lansir idan lokacinsa ne, wanda ɗanye ake cinsa kuma yana da ɗan yaji na kansa da yake tafiya da shinkafa da wake ƙwarai.

Idan za ka dafa zogale da kanka, ka yi hankali da kanwa. An saba jefa ta domin ganye ya yi laushi da wuri, amma tana lalata wasu daga cikin bitamin ɗin da ake cin ganyen dominsu, kuma tana bar masa ɗanɗanon sabulu idan ta yi yawa. Ɗanyen zogale mai taushi ba ya bukatarta. Rama ce take son a tafasa ta a zubar da ruwan farko saboda tsaminta.

Tambaya: Hajiya, na samu fasasshiyar gyada da araha a kasuwa na sayi tiya biyu. Da na zo gida na ga wasu ƙwayoyin sun yi baƙi, wasu sun motse, wasu kuma suna da ɗaci. Maƙwabciyata ta ce idan na soya ta da kyau ko na yi kunu da ita babu komai, wuta tana kashe kowace cuta. Gaskiya ne? Daga wata uwa, Rigasa.

Amsa: Ƙanwata, a wannan karon maƙwabciyarki ba ta yi daidai ba, kuma ina roƙonki ki karanta mata amsar nan. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta masu rai, amma abin da ake tsoro a ruɓaɓɓiyar gyada guba ce da wata irin fumfuna take bari a cikin ƙwayar, wadda masana suke kira afalatoksin, kuma zafin suya ko na tafasa irin na gida ba ya rusa ta. An gano ta ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, lokacin da talo-talo kimanin dubu ɗari suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyada daga Barazil. Hanta take kamawa. Idan mutum ya daɗe yana cin ta kaɗan-kaɗan tana iya kai shi ga sankarar hanta, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Yara ne suka fi ba ni tsoro, domin su ake yi wa kunun gyada kullum safiya.

Fumfunar tana samun shiga ne idan gyada ta sha fari a ƙarshen damina, ko ɓawonta ya fashe wurin cira, ko aka shanya ta a ƙasa mai laima, ko aka ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba. Shi ya sa fasasshiya da motsattsiya suka fi zama abin zargi, kuma shi ya sa ake karyar da farashinsu. Araha dai ba ta ado. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da manoma suke watsawa a gona kafin amfani ya yi fure domin rage wannan guba, amma ke da kike saye a kasuwa ba ki da hanyar sanin gonar da aka yi amfani da shi, saboda haka idonki da hancinki su ne masu gadinki.

Ki baza tiya biyun nan a faifai da rana tsaka ki tsince ƙwaya-ƙwaya. Duk wadda ta yi baƙi, ko kore-kore, ko ta motse, ko ƙwaro ya huda ta, ki zubar, kuma kada ki ba kaji ko akuya mai shayarwa, domin gubar tana iya biyowa ta madara. Idan kin ga lalatattun sun yi yawa, ko buhun yana warin rima, ki haƙura da ita gaba ɗaya. Nan gaba ki yi sayayyarki da kaka, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da sabuwar gyada take cika Kasuwar Kawo da Kasuwar Bacci a nan Kaduna. Idan da hali ki sayi mai ɓawo, wadda idan kin girgiza kike jin ƙwayar tana ƙara a ciki, ki ƙara shanya ta kwana biyu a kan tabarma, ki ajiye buhun a kan katako nesa da bango, ki riƙa ɓarewa gwargwadon bukata. Ƙanana irin 'yar Dakar sun fi dacewa da mai da ƙuli da miya, manyan ƙwayoyi kuma su ne na suya da ci.

Tambaya: Anti, na ga wani haɗi na mutanen Italiya a intanet, kore shar, ana zuba shi a kan taliya, wai sunansa pesto. Kayan da aka lissafa ban san inda zan same su a Kaduna ba. Za a iya yin irinsa da kayanmu? Daga wata ɗaliba, Barnawa.

Amsa: 'Yata, za a iya, kuma turmin gidanku ya fi dacewa da shi fiye da na'urar markaɗe, domin sunan kansa daga kalmar daka ya samo asali a harshensu. Abincin mutanen birnin Jenowa ne, kuma abin da suke dakawa shi ne wani ganye ɗan'uwan ɗaɗɗoya, da tafarnuwa, da 'ya'yan wata bishiya ta ƙasarsu masu maiƙo, da busasshen cuku, da man zaitun. Idan kin duba da kyau, kwaɗo ne aka daka shi ya yi laushi.

Bambancin da za ki kula da shi shi ne ɗaɗɗoyarmu mai faɗin ganye ta fi tasu ƙarfi nesa ba kusa ba, domin tana ɗauke da sinadarin ƙamshi iri ɗaya da na kanumfari, kuma idan aka daka ta ita kaɗai ɗanya takan yi maƙaƙi. Ƙaramin ganyen da masu kayan miya suke kira ganyen kori ya fi kusa da nasu. Ni yadda nake yi shi ne in haɗa kashi ɗaya na ɗaɗɗoya ko kori da kashi biyu na alayyahu mai taushi da ɗan lawashi. Ki tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na daƙiƙa goma kacal, ki tsame ki jefa a ruwan sanyi, ki matse. Wannan tsomawar ita take hana shi yin baƙi, domin ganyen da aka daka ɗanye yana haɗuwa da iska ya dafe, kamar yadda yankakken dankali yake yi. Ki fara daka tafarnuwa ƙwaya biyu da gishiri, ki ƙara rabin gwangwani na soyayyar gyada ko kashu, sannan ganyen, sannan ki riƙa ɗiga mai kina juyawa har ya yi sulɓi. Man zaitun yana da tsada. Man gyada mai kyau ko man riɗi ya isa. A madadin cukunsu nakan gasa daddawa ƙwaya ɗaya in daka a ciki, kuma na san wasu za su ce na ɓata abincin Turawa, amma zurfin ɗanɗanon da cuku yake bayarwa shi daddawa take bayarwa, tunda dukansu abin da aka bari ya ruɓa da gangan ne. A ƙarshe ki matsa lemun tsami.

Ba a dafa wannan haɗi. Ki tace taliya, ki rage ɗan ruwan dahuwarta, ki zuba haɗin ki juya bayan kin sauke. Yana tafiya da dafaffiyar doya da gasasshen kifi ma. Idan akwai firji mai aiki, ki rufe samansa da mai, zai kai kwana uku. Idan babu, ki yi daidai cin rana ɗaya, domin ɗanyar tafarnuwa da ganye a cikin mai ba abin ajiyewa a ɗaki mai zafi ba ne.

Game da kashu, shi ya fi ba da laushi kamar madara, amma kada tsadarsa ta hana ki gwadawa da gyada. 'Yan Fotugal ne suka kawo bishiyarsa daga Barazil, yanzu kuma jihohin Kogi da Kwara da Oyo suna cikin masu noma shi da yawa. Tsadar tasa daga wahalar fasawa take, saboda ɓawon yana da wani mai da yake ƙona fata. Wanda ya karye wurin fasawa ya fi araha, kuma tunda daka shi za ki yi, shi za ki nema, in dai fari ne tas kuma ba ya wari.

Tambaya: Hajiya, ina sayen na'a-na'a da ɗaɗɗoya da lawashi, amma kafin kwana biyu sun yanƙwane ko sun ruɓe, ga shi wutar lantarki ba ta zama a unguwarmu. Yaya zan adana su? Daga wata uwargida, Hayin Banki.

Amsa: 'Yar'uwa, kuskuren farko shi ne wanke ganye tun daga dawowa kasuwa a ƙulle shi a leda. Ruwa da zafi da rashin iska su ne suke ruɓar da shi. Ki bar wanki sai lokacin amfani, kuma a lokacin ki wanke shi sosai a ruwa mai gishiri ki ɗauraye sau biyu ko uku, musamman wanda za a ci ɗanye, domin ba kowane lambu ne na bakin Kogin Kaduna yake samun ruwa mai tsafta da rani ba. Na'a-na'a da ɗaɗɗoya kuwa ki datse ƙasan karan, ki tsaya da su a kofi mai ɗan ruwa a inuwa, kina sauya ruwan kullum. Za su kai kwana biyar ko fiye, wasu ma su fitar da saiwa.

Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu kyautar kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kayan lambu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yashin yake bushewa ta jikin babbar tukunyar, yana janye zafi daga ciki, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Da hunturu da bazara take aiki sosai. A tsakiyar damina, da iskar Kaduna take cike da laima, sanyinta kaɗan ne.

Amma shawarar da na fi so ki ɗauka ita ce ki daina saye. Tsohon bokiti uku da aka huda gindinsu sun ishe ki. Reshen ɗaɗɗoya da ya yi saiwa a kofi ki dasa shi, ki riƙa tsinke kan idan ya fara fure domin ya yi rassa. Na'a-na'a ki ba ta bokitinta ita kaɗai, domin tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta kashe duk abin da aka haɗa ta da shi, kuma tana son ruwa da ranar safe. Gindin albasa mai lawashi da kike yarwa, idan kin binne shi, cikin mako biyu zai ba ki sabon ganye. Idan ganye ya yi miki yawa ki shanya a inuwa, kada rana ta taɓa shi, sai dai ki sani busasshe da wuri ake sa shi a miya, ɗanye ne ake jinkirtawa.

Tambaya: Hajiya, miyar riɗina kullum da ɗaci da yashi. Daga wata mai karatu, Kakuri.

Amsa: Ƙanwata, na taɓa shan wannan kunya a shekarar farko ta aurena, ranar da surukata ta zo, ta ci loma ɗaya ta ce a kawo mata ruwa. Yashin daga wurin sussuka yake, kuma rairaya ce maganinsa: ki zuba riɗin a ƙwarya da ruwa, ki riƙa karkaɗawa kina tsiyaye na sama a rariya mai ƙananan ido, yashin zai kwanta a ƙasa. Ki maimaita sau uku. Ɗacin kuma daga wuri biyu yake fitowa, ɓawo da ƙuna. Ki ɗan surfa shi a turmi yana da danshi, ki wanke dusar, ki shanya ya bushe sarai. Wurin suya kuwa riɗi ba gyada ba ne, ƙwayarsa ƙarama ce kuma kusan rabinta mai ne, minti uku zuwa biyar ya ishe shi a wuta mai sauƙi. Da kin ji ya fara tsalle yana ƙara, ki juye shi daga kaskon nan take.

Ki daka shi da ɗuminsa, ki dama, ki bi tsarin da na faɗa wa amarya a kan miyar gyada, sai dai riɗi ya fi saurin nuna. Busasshen kifi da daddawa da alayyahu sun fi karɓarsa. Idan za ki saya, ki nemi fari mai ƙyalli irin wanda ake kawowa daga Jigawa da Nasarawa da Binuwai, ki tauna kaɗan a gaban mai sayarwa.

Tambaya: Hajiya, kunun ayata yana tsami kafin la'asar, kuma ina so in san ko za a iya sa masa na'a-na'a. Daga wata mai sana'a, Malali.

Amsa: Za a iya, amma kada ki markaɗa ta tare da ayar, domin za ta ɓata launin kuma ta kawo bauri. Ki murza ganye kaɗan ki jefa a cikin tataccen kunun na minti 20, ki tsame. Tsamin kuwa ɗabi'ar aya ce. Ita ba 'ya'yan itace ba ce, saiwar wata ciyawa ce mai zaƙi da sitaci, ga kuma dabino da kwakwa da ake ƙara mata, kuma ba a dafa kunun, saboda haka da ya ji ɗumi yake fara tsami. Mutanen Balensiya a ƙasar Sifen ma suna yin irinsa, kuma a cikin sanyi suke riƙe shi tun daga tacewa. Ki wanke ayar sosai, ki sauya ruwan jiƙo, ki markaɗa da ruwa mai sanyi a injin da aka wanke, ki sa robobin cikin ƙanƙara nan da nan, kuma ki yi daidai abin da zai ƙare a ranar. Citta da kanumfari suna gyara ɗanɗano, amma ba za su maye gurbin ƙanƙara ba. Tun da cutar da ta faɗa wa gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko a 2023 ta ɗaga farashinta, na koma sa busasshiya kaɗan, kuma kunun bai rasa komai ba.

Tambaya: Hajiya, ɗana yana da wata takwas. Zan iya fara ba shi kunun gyada? Daga wata mai jego, Badarawa.

Amsa: 'Yata, Allah ya raya shi. Tunda ya wuce wata shida na nono zalla, kina iya farawa, tare da ci gaba da shayarwa. Ki yi amfani da gyadar da kika tsince da hannunki, ki tace ta sosai, ki dafa har gafin ya fita. Ranar farko ki ba shi cokali ɗaya ko biyu da safe, ki zuba masa ido na wasu awoyi, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyada. Idan kin ga ƙuraje sun feso masa, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko ya yi ta amai, ki daina ba shi ki kai shi asibiti, idan kuma numfashinsa ya canza, ki tafi a lokacin ba tare da jiran kowa ba. Idan yana da ƙyasbi ko ƙaiƙayin fata mai tsanani tun yanzu, ki fara tambayar likita kafin ki gwada. Kada ki sa masa zuma sai ya cika shekara ɗaya, kuma ƙwayar gyada ko kashu ko aya a dunƙule kada a ba shi sai ya kai shekara biyar, saboda tana iya sarƙe shi. Ki gaya wa yayyensa wannan, domin yawanci su ne suke miƙa wa ƙanensu abin da suke ci.